Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Shekara tara ke nan ina neman abinci a kan rufin da wasu suka ɗora tun kafin a haifi kakan mahaifina. Ni ɗan Zariya ne. Karatun gine-gine ya kawo ni Ingila, aiki kuma ya riƙe ni. Ina cikin wani ƙaramin kamfani da ke duba tsofaffin gine-gine masu rufin ƙarfe da gilashi: tashoshin jirgin ƙasa, kasuwanni, da ɗakunan renon tsirrai da suka rage tun zamanin Sarauniya Biktoriya. Mu hau, mu duba, mu ƙwanƙwasa, mu rubuta abin da muka gani, sannan mu faɗa wa mai ginin abin da dole ya gyara kafin baɗi da abin da zai iya jira. Idan aikinmu ya yi kyau, babu abin da ke faruwa. Jirgi ya shigo, jirgi ya fita, jama'a su wuce ta ƙarƙashi da jakunkunansu, ba mai ɗaga kai.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan gini ba, ya ƙaddara akurkin kaji da aka kifa, amma mai girman da zai haɗiye filin ƙwallo biyu, tsumagunsa na ƙarfe, tsakaninsu kuma an toshe da gilashi. Haka rufin tashar St Pancras da ke Landan yake. Injiniya William Henry Barlow ne ya tsara shi, aka buɗe tashar a 1868. Faɗinsa ya haura mita 73, tsawonsa ya kai mita 210, kuma babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. A lokacin babu rufin da ya kai shi faɗi a duniya ba tare da tokari ba. Dabarar tana ƙarƙashin ƙafar fasinja: ƙarafan da suka ɗauki daɓen tashar su ne suka ɗaure ƙafafun bakunan rufin, kamar yadda tsirkiya ke riƙe baka, don kada su buɗe.

Irin wannan gini bai yiwu ba sai da abubuwa biyu suka yi araha. Masana'antu sun fara fitar da ƙarfe da yawa, sannan a 1845 gwamnatin Birtaniya ta soke harajin da take karɓa a kan gilashi. Daga nan sai aka shiga yayi. A lambun Kew, Decimus Burton da maƙerin nan ɗan Dublin, Richard Turner, suka gina ɗakin renon itatuwan ƙasashe masu zafi tsakanin 1844 da 1848, da gilashi guda 16,000, suka ari dabarar masu ƙera jirgin ruwa, shi ya sa yake kama da jirgin da aka kifa. A 1851 Joseph Paxton, wanda asalinsa mai kula da lambu ne, ya kafa Crystal Palace da gilashi kusan 300,000 cikin 'yan watanni. Mutanen wancan zamani sun ga kamar sun samu ginin da ba ya ruɓewa kamar katako, ba ya kuma tare hasken rana kamar dutse.

Crystal Palace gobara ta cinye shi a 1936. Wani babban ɗakin gilashi da Paxton ya gina tun farko a Chatsworth kuwa, masu shi ne suka rushe shi da kansu a 1920, bayan yaƙi ya hana samun kwal ɗin ɗumama shi da ma'aikatan kula da shi. Sauran da suka kawo yau, kowannensu ya kai bakin kabari ya dawo, wani ma sau biyu. Abin da ke kai su can kuma kusan guda ne.

Wanda ya koya mini ganin abin wani dattijo ne mai sa gilashi, da ya fara aikin tun yana saurayi. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma injiniyoyi kan yi shiru idan ya buɗe baki. A makon da na fara aiki, ya gan ni na nufi manyan ƙarafa da ma'aunina, sai ya ce, "Yaro, bar ƙarfen nan tukuna. Fara da ruwa. In da kai ne ɗigon ruwa, ka faɗo nan, ina za ka kwana?" Har yau da wannan tambayar nake fara kowane rufi.

Ga yadda abin ke tafiya. Kowane gilashi yana zaune ne a kan siririn ƙarfe, an liƙe shi da wani danƙo da ake kwaɓawa da alli da mai. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, ya tsuke da sanyi, gilashi ma haka, amma ba tafiyarsu ɗaya ba. Danƙon shi ne mai sulhu a tsakaninsu. Shekaru suna tafiya sai ya bushe, ya tsage, tsagar da ko allura ba za ta shiga ba. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya shiga ya kwanta a inda rana ba ta kai wa, iska ba ta busarwa, mai fenti kuma ba ya gani.

Mutane da yawa sun ɗauka tsatsa cin ƙarfe kawai take yi har ya sirance. Tana ci, amma babbar ɓarnarta kumburi ne. Ƙarfen da ya koma tsatsa yana cin wuri ninki da yawa fiye da yadda yake a da. Idan ta taso a gefen gilashi, sai ta matse shi har ya fashe, ba tare da kowa ya jefe shi ba. Idan ta taso tsakanin falle biyu na ƙarfe da aka haɗa da ƙusoshin da ake dasawa da zafi, sai ta riƙa tura su, kowanne gefe guda, har kan ƙusa ya ɓalle. Shi ya sa muke yawo da ƙaramar guduma. Ka ɗora yatsa a gefen kan ƙusar, ka buga ɗaya gefen. Lafiyayya za ta amsa da ƙara mai tsabta. Wadda ta saki za ta amsa a dushe, kuma za ka ji motsinta a yatsanka.

Akwai kuma wata dabara ta magina na da, mai kyau a takarda, mai wahalar da mu. Ginshiƙan da suka ɗauki rufin sau da yawa rami ne a cikinsu, ruwan sama ta nan yake sauka zuwa ƙasa, don kada bututu ya ɓata kyan ginin. Ganye ya faɗo, tantabara ta yi sheƙa ko ta mutu a magudana, bakin ramin ya toshe rabi da rabi, datti ya sauka ya cushe gindin. Ruwa ya cika ginshiƙin ya tsaya. Ranar da sanyin hunturu ya kai ruwa ya daskare, ƙanƙara ta kumbura, sai ginshiƙin ya tsage daga sama zuwa ƙasa. Na taɓa ganin ginshiƙin da ya shekara fiye da ɗari yana ɗauke da rufi, gawar tantabara guda ta yi ajalinsa.

A tashoshin jirgi, hayaƙin kwal na shekara da shekaru ya ƙara wa ruwan kaifi. A ɗakunan tsirrai kuwa ruwan daga ciki yake fitowa. Shiga ɗakin nan na Kew a tsakiyar hunturu, sai ka ji kamar ka sauka Fatakwal da damina. Kwakwar manja da koko da itacen roba suna buƙatar wannan laima, amma ita ce ke taruwa a jikin gilashi mai sanyi, ta gangara ta kwanta a kan ƙarfe, dare da rana. Abin da ke raya tsirran shi ke cin ɗakin.

Idan an zo gyara, sai ka fara sanin wane ƙarfe ne a gabanka, domin iri biyu ne, kuma halinsu ya sha bamban. Akwai ƙarfen zubi, wanda ake narkarwa a zuba a cikin ramin yashi. Yana ɗaukar nauyi daga sama ba ya gajiya, shi ya sa ake yin ginshiƙai da kayan ado da shi, amma kamar tukunyar ƙasa yake, ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe. Akwai kuma ƙarfen bugu, wanda ake dukansa ana murza shi da zafi har ya yi zare-zare a ciki kamar rake. Shi yana jure ja, yana lanƙwasa kafin ya karye, yana ba ka gargaɗi. Da shi aka yi bakunan St Pancras.

Ƙarfen zubi ba ya son walda, zafin kan buɗe sabuwar tsaga kusa da tsohuwar. Don haka ɗinke shi ake yi. A huda 'yan ramuka a jere suna ratsa tsagar, a cusa wasu 'yan ƙarafa su kama ɓangarorin biyu, a bi layin tsagar da ƙusoshi, a goge, a shafa fenti. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake ɗinke fasasshiyar ƙwarya ya san aikin. Ƙarfen bugu kuwa tun shekarun 1970 aka daina yin sabonsa a masana'antun Birtaniya. Wanda ake samu yanzu tsoho ne, daga sarƙoƙi da gadojin da aka kwance, a sake gasa shi a murza. Ke nan duk guntun da tsatsa ta cinye, an rage shi ne daga abin da ba a ƙara haifarwa.

Abin da ke tsakanin duk wannan ƙarfe da ruwa bai wuce kaurin takarda ba, wato fenti. Na da da dalma ake haɗa shi, yana kare ƙarfe sosai, amma guba ne. Kafin a kankare shi sai an lulluɓe wurin ruf, ma'aikata su sa takunkumi, ana kuma auna jininsu a kai a kai. Kafin a kankare ɗin, akan yanki ɗan guntu a duba shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Za ka ga fenti a kan fenti, kowane zamani da launinsa, a tsakaninsu da siririn layin datti. Inda layin dattin ya yi kauri, ka san an daɗe ba a waiwayi rufin ba. Ina karanta irin wannan guntu kamar yadda ake karanta tarihin gida, in ga shekarun wadata da shekarun da aka manta da shi.

Wata muhawara da ba ta ƙarewa a tsakaninmu ita ce, nawa za ka sauya kafin gini ya daina zama shi? Tsakanin 1984 da 1988 an kwashe tsirran ɗakin Kew, aka kwance shi, aka sake haɗawa. Siraran ƙarafan da ke riƙe gilashinsa, waɗanda in an jera su za su kai mil goma, aka sauya su da ƙarfen zamani da ba ya tsatsa, mai siffa irin ta da, aka sa gilashi mai ƙarfi da ba ya yanka in ya fashe. Wasu abokan aikina suna ganin an yi daidai, tunda ɗakin yana nan, tsirran suna raye. Dattijon nan yana cewa abin ya zama rigar gado da aka sake wa wuya, aka sake hannu, aka sake aljihu. Ni ina ganin duka biyun suna da gaskiya, amma tambayar ta zo a makare. Ranar da aka kai ga zaɓi tsakanin sauya ƙarfe da rasa gini, an riga an yi asarar tun shekaru da suka wuce.

Tarihin waɗannan gine-gine kuwa kusan zubi ɗaya ne. A gina da alfahari, a yi sakaci, wani abu ya faɗo, a rufe, sannan a yi ta gardama ko a rushe ko a ceto. A birnin Faris, a 1993, ƙusa guda ta ɓalle daga rufin Grand Palais, wanda aka gina don baje kolin duniya na 1900. Aka duba, aka ga abin ya wuce ƙusa, aka rufe babban zauren, ba a sake buɗe shi ba sai 2005. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A birnin dai, a farkon shekarun 1970, an rushe rumfunan ƙarfe da gilashi na tsohuwar kasuwar Les Halles. A Landan an rushe tsohuwar tashar Euston a farkon shekarun 1960. St Pancras ma an sa mata ido. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun taɓa ta, an rufe yawancin inda gilashi yake da wasu kayan, tashar ta yi duhu ta yi baƙi. Ƙungiyar masu kare gine-ginen zamanin Biktoriya da mawaƙi John Betjeman suka tashi tsaye, har a 1967 aka sa ta a sahun farko na gine-ginen da doka ta hana taɓawa. Amma dokar hana rushewa ba ta toshe yoyo. Sai da aka shekara arba'in kafin a ga rufin cikin haskensa. A Nuwamba 2007 aka sake buɗe tashar don jiragen Eurostar masu zuwa Faransa, bayan aikin gyara da faɗaɗawa na kimanin fam miliyan 800, an mayar da gilashin, an shafa wa ƙarfen shuɗi mai launin sararin sama. Akwai mutum-mutumin Betjeman a saman tashar, ya dafe hularsa yana kallon rufin. Yawanci shi kaɗai ne ke kallo.

A Kew ma, babban ɗakin da ake kira Temperate House an rufe shi a 2013, aka buɗe a 2018. An kashe fam miliyan 41, an sauya gilashi 15,000, an ciro sassa 69,000 ɗaya bayan ɗaya, aka wanke, aka gyara ko aka sauya. Aiki ne da duk wanda ya sa hannu a ciki zai yi alfahari da shi, ni ma na je na sha kallo. Sai dai na lura da wani abu a shekarun nan. Neman miliyoyin ceto gini ya fi sauƙi a kan neman 'yan dubban da za su hana shi kai wa ga buƙatar ceto. Babban gyara yana da ranar buɗewa, da manyan baƙi, da allon da za a rubuta sunaye. Ba a taɓa gayyatar kowa bikin share magudana ba. Idan aka zo rage kasafin kuɗi, layin farko da ake sokewa shi ne wanda ba za a ga illarsa bana ba, kuma wanda ya soke shi ya daɗe da barin kujerar kafin gilashin farko ya faɗo.

Turawan sun san wannan tun da daɗewa. A 1877 William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, kuma jigon kiransu shi ne a riƙa kula da gini kullum maimakon a bari ya lalace a zo ana sake shi. Amma ni ba a wurinsu na fara jin wannan ba. Mahaifina magini ne a cikin birnin Zariya. Rabin abincin gidanmu daga sabon gini yake fitowa, rabi kuma daga yaɓe. Da bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai a riƙa sallama da shi. Ya hau soro, ya bi tsaga ya cike, ya sake yaɓe inda ya zaizaye, a shafa makuba, ya zura hannu a kowane indararo ya tabbatar ba abin da ya toshe shi. Ya san cewa in ruwa ya kwana a kan soro, zai kai ga azara, in ya kai ga azara kuwa, magana ta ƙare. Soron ƙasa ba ya yaudarar mai shi. Kowa ya san yana son hannu duk shekara. Ƙarfe da gilashi su ne ke sa mutum ya ɗauka an gama.

Da na fara aikin nan, Baba kan tambaye ni a waya, "To, me kuka gina?" In ce, "Baba, ba gini muke yi ba, dubawa muke yi." Sai ya yi shiru, irin shirun uban da ya sayar da gona ya biya kuɗin makaranta. Ranar da na ba shi labarin ginshiƙin da tantabara ta fasa, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ashe indararo ka je Ingila sharewa." Daga ranar tambayarsa ta sauya. Yanzu cewa yake, "Ya rufin naku, ya sha ruwa lafiya?"

Aikin da ya fi tsaya mini a rai ba a Landan yake ba. Wata kasuwa ce mai rufin gilashi a wani gari da ke arewacin Ingila, irin garuruwan da masaƙu suka gina, masaƙun suka mutu suka bar su. Ba ta cikin littattafan tarihi, ba mai zuwa ɗaukar hotonta. Masu nama, masu kifi, mai gyaran takalma, mai shayi, duk a ƙarƙashin rufi guda. Wani safe gilashi ya faɗo kusa da rumfar mai kayan miya, Allah ya tsare ba kowa a wurin. Hukumar da ke da kasuwar ta shimfiɗa raga a ƙarƙashin rufin, ta kira mu.

Kafin in hau sama, na zaga ƙasa. Bokitai ne ko'ina, a kan kanta, a bayan firji, a tsakiyar hanya, kowanne an ajiye shi daidai inda ɗigo ke sauka. Wata dattijuwa mai sayar da zaren saƙa ta ga ina zana wuraren bokitan a kan taswirar ginin, sai ta fito ta kama nuna mini. Wannan ya fara ne shekarar da mijinta ya rasu. Wancan ba ya zuba sai iska ta taso daga yamma. Na kusa da ƙofa sabo ne, bai fi hunturu biyu ba. Ta ce da akwai wani ma'aikaci da ke hawa da tsani da bokiti sau biyu a shekara, ya kwashe ganye, ya liƙe abin da ya saki. Da ya yi ritaya ba a ɗauki wani ba. Sun rubuta takarda sun gaji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da na hau, duk inda ta nuna, nan na tarar da ɓarnar, kuma a jeren da ta faɗa: tsofaffin wuraren sun fi ci, sababbin suna biye.

Abin da na gani a sama ya wuce gilashi. Magudanar da ke tsakanin rufi biyu ta cika da laka har ciyawa ta tsiro, da wata 'yar bishiya da ta kai gwiwata. A ƙarƙashinta, inda bakunan rufin suka zauna a kan ginshiƙai, ƙarfen yana ɓarewa a hannu kamar ɓawon albasa. Raga tana tare gilashi, amma ba ta tare rufi. Idan dusar ƙanƙara mai nauyi ta sauka, ba zan iya sa hannu in ce zai ɗauka ba. Na rubuta cewa a fitar da mutane kafin hunturu. Babban injiniyanmu ya hau ya gani da idonsa, ya sa hannu a ƙarƙashin nawa.

Na san abin da takardar take nufi ga mutanen da ke ƙasa. Ranar da aka tara su aka faɗa musu, ina tsaye a gefe. Mai nama ya yi faɗa, ya ce shekara nawa suna roƙon a turo mutum guda da tsani, yanzu an turo mutum uku da takardar kora. Ban ga laifinsa ba. Dattijuwar ba ta ce komai ba sai da aka watse. Ta zo ta ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, da an ci gaba da share shi, da mun kai ga haka?" Na ce mata a'a. Da rufin zai tsufa, da zai so fenti da sabon gilashi nan da can, amma da ana yi suna ciki suna ciniki. Ta gyaɗa kai, ta koma tana ɗaure kayanta.

An mayar da su wasu rumfunan wucin gadi a filin ajiye motoci. An shekara ana neman kuɗi, aka samu, aka yi gyara mai kyau. An ɗinke ginshiƙai biyu, an ceto yawancin ƙarfen bugun, an faɗaɗa magudanar, an sa hanyar tafiya da igiyar tsaro a kan rufin don mai sharewa ya hau ba tare da ya sayar da ransa ba. Aka yi bikin buɗewa. Haske ya dawo kasuwar, har tsofaffin garin suna cewa sun manta haka take. Amma da yawa daga cikin 'yan kasuwar ba su dawo ba. Hunturu biyu a filin mota ya kori masu sayensu zuwa manyan kantuna. Mai nama ya koma aiki a ƙarƙashin wani. A rumfar dattijuwar yanzu rigunan waya ake sayarwa. Idan aka lissafa abin da gyaran ya ci, ba a sa wannan a ciki.

Kowane rahoto da muke miƙawa yana ƙarewa da shafi guda da ba a cika karantawa ba. A share magudanai sau biyu a shekara, bayan zubar ganye da kuma bayan hunturu. A zuba ruwa a kowane ginshiƙi a ga ya fita ta ƙasa. A sauya fasasshen gilashi a makon da ya fashe. A taɓa fenti duk inda ya ɓare, kada a jira lokacin shafe duka. A ajiye littafi a ƙasa inda masu rumfuna za su rubuta duk sabon ɗigo da ranar da ya fara. Wannan na ƙarshen ni na ƙara shi bayan aikin kasuwar nan, kuma yanzu yana cikin duk rahoton da ya fita daga ofishinmu.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Lambun Kew ya sanar cewa zai sake rufe ɗakin Burton da Turner daga 2027 don wani babban gyaran, shekara arba'in ke nan ba cikakku ba bayan na baya, kuma tuni aka fara shirin kwashe tsirran. Ita kuwa kasuwar arewa, kwantiraginmu da masu ita ya ce mu koma duk Nuwamba. Bara na je na tarar littafin yana rataye kusa da rumfar mai shayi, an rubuta abu uku a ciki. Biyu raɓa ce kawai. Na ukun gaskiya ne, danƙo ya saki a gefen gilashi guda ta wajen yamma. Abokin aikina ya hau da wuƙarsa da ɗan curin danƙo, kafin shayina ya huce ya sauko.